An Kira Egya Kobina Aiki

Tun da aka rufe kamfanin man kwakwa, garinmu ya koma na tsofaffi da awaki. Cuta ta cinye itatuwa, iskar teku tana cinye kwanon rufi. Ni Araba, da nake ƙarar da tukunyar dokunu, tuwon masararmu, a ƙofar kamfani kafin rana ta take, yau sai in wuni ina korar ƙuda.

Ɗa ɗaya ya rage mana a gida, Fiifi, shi ma hankalinsa na birnin Tema. Mijina, Egya Kobina, shi ke riƙe shi da daɗin baki.

"Yi haƙuri, za a buɗe. Da hannuna zan koya maka injin."

"Baba, injin da kaji ke ƙwai a ciki?"

Kwatsam sai ga manyan motoci da mutane masu hular kwano. Kai, zo ka ga murna! Sarki ya zuba giya a ƙasa ya gode wa kakanni, aka yanka rago, mu mata muka ɗaura fararen zannuwa kamar yadda muke yi in alheri ya sauka. Duk garin ba wanda ya tambayi baƙin me ya kawo su.

Aka ce ana neman tsofaffin ma'aikata. Egya Kobina ya zaro kakinsa daga akwati, ya yi masa yawa kamar na aro, ya tasa ɗansa gaba yana taƙama.

Da yamma suka dawo. Egya Kobina ya zauna, ko kallon abinci bai yi ba.

Na ce, "Maigida, lafiya? Yaushe za a tayar da injin?"

Fiifi ne ya amsa. "Mama, kwancewa ake yi. Ƙarfen suka saya, za a narke."

Amma washegari Egya Kobina ya sake sa kakin ya koma, don ko garin rogo babu a gidan. Da hannunsa ya kwance injin da ya tsufa a kai.

Ranar da motar ƙarshe za ta tashi, shi ya roƙi direba ya rage wa yaron hanya zuwa Tema. Fiifi ya hau saman ƙarafan, ina kuka kamar raina zai fita.

Babansa ya ɗaga kai ya ce, "In ka ji an ce za a buɗe wani abu a garin nan, ko ni ne na aiko maka, kada ka dawo."