Taku Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Ranar Laraba, uku ga watan Safar, Rekiya ta sauko daga gado za ta yi alwalar azahar, ta yi taku uku, ta dafe ƙirji, ta zauna a ƙasa. Kafin a samo keke napep ta cika. Kwananta arba'in ke nan da sallamowa daga asibiti, kuma a cikin kwanakin nan mijinta, Malam Armiya'u, bai bar ta ta taka ko zaure ba.

Shekara guda da 'yan watanni bayan haka, ciwon huhun da ya kwantar da ita ya kwantar da shi. Ya yi kwana goma sha biyu da robar iska a hanci, aka sallame shi da ƙullin magani da takarda guda. Bai buɗe takardar ba. Ya san abin da ke ciki, domin irinta sak tana ninke cikin wani littafin tarihi a kan kantarsa, tana riƙe masa shafi na tamanin.

"Baba, ga takalmanka," in ji 'yarsa Mardiyya, wadda ta baro miji da 'ya'ya a Shinkafi don jinyarsa. "Malamar asibiti ta ce minti biyar da safe, biyar da yamma."

"Na ji ta. Ba kunnena ya yi ciwo ba."

"To, tashi mana."

"Shekara talatin da biyu ina tsaye gaban allo. Na yi tsayuwar da ta ishe ni."

Ta ajiye takalman a bakin gado ta fita. Ita ta ɗauka taurin kai ne na tsufa.

Mardiyya ba ta nan ranar da aka ba uwarta takardar. Hanyar Shinkafi ba ta biyuwa a makon nan. Shi ya karɓa. Rekiya ba ta yi boko ba, duk abin da takarda ta ce daga bakinsa take ji. Ya karanta a cikin keke, ya ga an ce ta riƙa takawa kullum, ya yi tsaki. Mai ciwo kwanciya yake yi. Haka ya ga an yi wa ubansa. Ga kuma danginta suna ta zuwa dubiya daga Zurmi da Dauran, mota bayan mota. Ina shi ina kunyar su zo su tarar marar lafiya tana yawo a layi, a ce malamin makaranta ya kasa barin matarsa ta huta? Ya ɓoye tsintsiya. Ya riƙa kawo mata buta da kwano har bakin gado. Masu dubiya suna fita suna yabonsa, yana jin daɗi.

Sau ɗaya tak ta roƙe shi.

"Malam, ƙafafuna sun yi nauyi. Bari in ɗan taka zuwa gidan Gwaggo Balaraba, ga shi nan bayan masallaci."

"Kwanta ki huta. In Gwaggo na son ganinki ta zo."

Bayan an binne ta, likita ya ja shi gefe ya ce ga dukkan alamu jini ne ya daskare a ƙafarta saboda doguwar kwanciya, ya ɓalle ya toshe huhu. Malam Armiya'u ya yi godiya kamar mai karɓar sakamakon jarrabawa. Bai gaya wa kowa ba.

Shi ya sa yanzu yake kallon takalman nan kamar sammaci. In ya yi tafiya ya warke, takarda ta yi gaskiya. Ya gwammace ya kwanta yadda ya kwantar da ita.

A rana ta huɗu Maitama ya yi sallama, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, abokinsa tun firamare. Bai jira an ba shi tabarma ba.

"An ce mani kana nan miƙe da littahi bisa ciki. Mutuwa kaka jira ka yi wa jarrabawa?"

"Na fi ka, mai jiran jirgin da ya manta da tashar Ƙaura."

"Ni dai a tsaye nika jira. Tarin fuka ya ci mani rabin huhu shekara tara da sunka wuce, amma kullum sai na kai tasha na dawo. Kai da ka karance littattafan garin ga, takarda guda ta gagare ka?"

"Ka zo dubiya ne ko lacca?"

Maitama ya rage murya. "Jiya na iske ɗiyarka cikin zaure tana kuka, takalmanka a hannu. Ta binne uwa bara. Ka yi mata adalci, Armiya'u."

Malam Armiya'u ya ajiye littafin. Sannan ya zuro ƙafa.

Ranar farko iyakarsa ƙofar zaure. Ƙirjinsa na ƙara kamar tsohon zugazugi, gumi ya jiƙa masa riga. Maitama ya tsaya a kansa yana ba da umarni: "Shaƙa ta hanci. Hura ta baki sannu-sannu, kamar mai hura koko. A'a, ba kashe gobara na ce ba!" A mako na biyu suka kai dalbejiyar bakin layi. A na huɗu suka kai kasuwar hatsi, inda ya zauna kan buhun dawa yana tari, 'yan dako suna yi masa sannu. A na shida ya taka dandalin tasha da ƙafarsa. Tuwo ya fara yi masa daɗi. Wata asuba ya karanta Fatiha bai yanke numfashi a tsakiyar aya ba, sai da ya yi sallama ya lura. Mardiyya na murna, shi kuwa kowane sauƙi da ya samu ƙara masa shiru yake yi. Kuma kullum in sun fito, hagu yake yi. Bai taɓa yin dama ba, wajen masallaci.

Ranar komawa asibiti ya ƙi hawa keke, shi da Mardiyya suka tafi a ƙasa. Rashida, malamar asibitin da ta ba shi takardar, ta maƙala masa 'yar na'urar auna iskar jini a yatsa.

"Casa'in da bakwai! Ranar da aka kawo ka tamanin da biyu ne. Baba Malam, da ni ce malamarka da na ba ka na ɗaya."

Ya aiki Mardiyya ta karɓo magani. Da ta fita ya ce, "In mutum ya bi abin da takardar nan ta ce, dole ya rayu?"

"Dole ta Allah ce, Baba. Akwai waɗanda suka bi suka rasu."

"Amma?"

"Amma tana taimako ƙwarai. Kwanciya kawai tana cinye marar lafiya. Shi ya sa muke bayarwa."

Ya so ta yi masa ƙarya, shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bulalar yara a kan ƙarya.

Da suka iso ƙofar gida ya ce wa Mardiyya ta shiga, yana zuwa. Ya tsaya daidai bakin zaure, ya yi dama, ya fara ƙirga. Ya wuce mai faci, ya wuce masallaci, ya sha kwana. A ƙofar gidan Gwaggo Balaraba ya tsaya. Taku ɗari biyu da sha huɗu. Ko haki bai yi ba.

"Wa ke nan?" muryar tsohuwar ta fito daga ciki.

"Armiya'u ne, Gwaggo."

Ta leƙo da sandarta, ta ƙare masa kallo. "Ikon Allah! Mai ciwo da kanshi? Da ƙafa ka zo?"

"Da ƙafa."

"To ai kusa ne."

"Kusa ne," in ji shi.

Ta juya tana kiran a kawo tabarma. Shi kuwa ya waiwaya ya dubi layin da ya biyo, har ana hango kan katangarsa daga nan. Ya rubuta dubban jimloli a kan allo, ya gyara na yara ba adadi. Wadda bai faɗa ba gajeruwa ce, numfashi ɗaya ya ishe ta: Tashi, Rekiya, ɗauko mayafinki, in raka ki.