Dosiyen Inna Maijidda ta Tibiri

Alkasim ne mai kula da na'urori a wani ƙaramin gidan rediyo da ke Sabon Gari, kuma mutum ne da ba ya son a gyara masa aiki. A shekarar da aka yi ta rigimar tazarce, 'yan siyasa suka cika musu ordinatar, wato kwamfuta, da jawabai har ta fara nishi. Sai ya zauna ya rubuta 'yar sikirif, wato jerin umurni: duk Juma'a ta kwashe dosiyoyin murya, wato fayil-fayil, ɗaya bayan ɗaya ta zuba a wani diski na ajiya, in ta gama ta share wurin aiki tas. Ya gwada da nasa dosiyoyin, ta yi. Kwana uku yana yi wa mutane fankama.

Nasa sunayen kuwa a manne yake rubuta su, kamar jawabi_jiratawa. Balki mai shirin mata ba ta yarda da wannan ba.

"Ni ba ni rubuta sunan tsohuwa kamar lambar moto," in ji ta. "Da girmanta zan rubuta shi."

Haka ta sa wa dosiyen wata tsohuwa mai waƙoƙin daka: Inna Maijidda ta Tibiri. Wata biyu Balki tana hawa kabu-kabu tana zuwa ɗaukar muryarta. Alkasim ya sha ganin sunan, ya taɓe baki ya wuce.

Ranar Litinin da hantsi, bayan Juma'ar farko da sikirif ta yi aiki, wani dattijo ya yi sallama, Malam Idirisa, ɗan tsohuwar. An yi sadakar bakwai ɗinta jiya. Ya ciro kile sabuwa fil daga aljihu, 'yar na'urar nan da ake soka wa ordinatar a kwafi abu.

"Jikokinta ke son su ji ta. Malama Balki ta ce in taho."

Alkasim ya buɗe diski. Jawabai na nan reras, babu wanda ya yi ciwon kai. Inna ce babu. Ya koma wurin aiki, wayam, sai sabbin jawabai kawai. Ya buɗe takardar da sikirif ke rubuta abin da ta yi. Layi huɗu: ba a samu Inna ba, ba a samu Maijidda ba, ba a samu ta ba, ba a samu Tibiri ba. Na'urar ta ga fili tsakanin kalmomi ta ɗauka dosiye huɗu ake nufi, ta nema ta rasa, ta yi gaba abinta, ta share komai. 'Yan alamu biyun nan da ake rufe zance da su ne kawai bai sa wa sunan ba. Kuma bai ce mata ta tsaya in kwasa ta gaza ba.

Haushi ya turnuƙe shi, ya rasa wa zai ji wa. Ya juya kan Balki da ke tsaye a bayansa.

"Da kin manne sunan..."

"Ka taɓa hwaɗa mini?" in ji ta. "Kai ka san abin zai ci, ni ina na sani?"

Bai taɓa ba. Ya yi awa biyu yana tonon ordinatar ko zai maido da abin da aka share, amma jawaban Asabar da Lahadi sun hau kan wurin.

Malam Idirisa na zaune a benci, bai gane ko ɗaya ba. Can sai ya miƙe ya matso da kilen.

"Yaro, in ba ta ɗaukar duka, ka sa mini ko guda. Ta dakan gero ta hi so."