Tiyatar da Ba Ta Bar Tabo Ba

"Kai ka mayar da ni maƙaryaciya a garinmu, Dakta Sahib. Kai da wannan tiyon naka."

Sardaran Bibi ta faɗi haka ne ƙafarta ɗaya tana cikin ofis, ɗaya tana waje, ko sallama ba ta yi ba. Ma'aikaciyar jinyar da ke kiran layi ta biyo ta tana cewa ba a zo kanta ba tukuna. Sardaran ta ce mata tun sallar asuba take cikin mota daga Jhang, kajin wani mutum suna mata kashi a ƙafa har Lahore, don haka duk wanda ke son layi ya je ya fara shiga waccan motar. Dakta Tanwir Cheema ya ajiye kofin shayinsa ya dubi idanunta. Farare tas. Ya yi murmushi irin na wanda aikinsa ya yi kyau, murmushin nan kuwa ya ƙara tunzura ta.

Wata uku da suka wuce an kawo ta nan ranga-ranga. Shawara ta mayar da idanunta kamar an jiƙa su a kurkum, ga ƙaiƙayi, har takan jingina da garu ta dinga goga baya kamar yadda ɓaunayen da take kiwo tana tatsa suke yi. Ta sha ruwan rake har ta ƙosa. Baba Lal Din, mai maganin shawara na ƙauyensu, ya ɗaura mata sarƙar tsinkaye a ka, ya ce idan ta buɗe ta sauko har ƙafa cutar ta fita. Sarƙar ta sauko wuya ta tsaya. Sai ɗanta Liyaƙat ya ɗauko ta ya kawo asibiti. Aka ce hanyar da ruwan maɗaciya ke bi ya zuba cikin hanji ce ta toshe, kuma ƙofar da aka saba bi a buɗe ta ta ƙi shiguwa. Dakta Cheema ya ce akwai dabara. Za a zura tiyo ta baki, a kansa akwai abin ɗaukar hoto irin wanda ake duba masu juna biyu da shi. Daga cikin hanjin zai hango hanyar da ta kumbura, ya huda da allura, ya dasa ɗan bututun ƙarfe, ruwan ya sami sabuwar mafita. Sardaran ba ta fahimci komai ba sai kalma ɗaya da Liyaƙat ya buga waya gida ya faɗa: za a yi wa tsohuwa aiki.

A ƙauyensu kuwa aiki ba abin wasa ba ne. Matar da aka yi wa tiyata, kowane gida sai ya kai mata kazar gida a yi mata romo. A taron biki ita ke zama a kan gado, wasu na wanke tukwane. Amma da sharaɗi: ran da aka kwance ɗinki, mata za su taru a rufe ƙofa, ta ɗaga riga a ga wurin, a ƙirga ɗinkin, a yi salati. Rajjo, ƙanwar marigayi mijinta, ɗinki goma sha huɗu gare ta tun cire maɗaciya shekara tara da suka wuce, kuma har yau ba a yi taron da ba ta nuna shi ba.

Sardaran ta ci kaza goma sha ɗaya. A rana ta goma mata suka taru, aka rufe ƙofa, ta ɗaga riga da alfahari, don ita kanta ba ta taɓa dubawa ba, tana jin tsoro. Ciki sumul, babu ko cizon sauro. Aka duba gefe, aka juya ta aka duba baya. Rajjo ta ce a kawo ta kusa da taga. Daga nan sai wata ta ce ta bar madara a wuta, kowa ya tuna da abin da ya bari.

Kafin la'asar labari ya gama gari: sarƙar Baba Lal Din ce ta warkar da ita, Lahore hutu ta je gidan ɗanta, ta dawo ta cinye kajin mutane. Da a nan ya tsaya da ta shanye. Amma shekara arba'in Sardaran tana sayar da man ɓauna, wanda ake kaɗawa kamar man shanu, ba a taɓa sa yatsa a tukunyarta an ɗanɗana ba, maganarta ta isa. Yanzu mata sai su shinshina, su murza a tafin hannu, su ce bari su yi shawara. Gida shida sun koma saye wajen matar mai shagon bakin titi, wadda kowa ya san rabin manta na gwangwani ne.

Duk wannan ta zayyane wa Dakta Cheema a tsaye, ta ƙi kujera. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ba ta neman da yawa. Ya ɗan tsaga nan, ƙasan haƙarƙari, ya ɗinke. Ɗinki huɗu ma ya isa, ba gasa take da Rajjo ba.

"Maa ji, uwata, ba zan yanka mai lafiya ba."

"Da nake kwance ba lafiya ma ai ba ka yanka ba. To yaushe kake yankan, puttar, ɗana? Me aka koya maka a makarantar?"

Ya ce zai rubuta mata takarda da hatimin asibiti. Ta ce a cikin matan nan babu mai karatu, ita ma haka, kuma kowa ya san a bakin kotu akwai mai buga hatimin da kake so. Ya ɗauko hoton ƙashi ya ɗaga a fitila, ya nuna mata ɗan bututun, fari, kamar guntun karan shisha. Ta ce ta kai musu irinsa. A can ƙauye Rajjo ta juya shi sama da ƙasa ta ce haƙarƙari duk iri ɗaya ne, wannan zai iya zama na kowa, har na akuya.

Likita ya yi dariya ya ce to ai sai a kawo wannan Rajjo ɗin ya yi mata bayani da bakinsa. Ya faɗa ne don ya sallame ta. Sardaran ta leƙa ƙofa ta kwaɗa kira.

Rajjo ta shigo tana gyara mayafi, gajeriya mai ƙiba, ta zauna a kujerar da Sardaran ta ƙi. Ta ce ita ba rigima ta zo ba, Bhabi, wato Sardaran matar yayanta, ita ce ta jawo ta, kuma da ma tana son a duba mata gwiwa. Aka kwantar da Sardaran, aka shafa mata mai sanyi a ciki, likita ya ɗora na'ura ya juyo da allon wajen Rajjo. Ya nuna hanta, ya nuna layi biyu masu haske, ya ce ga bututun nan. Rajjo ta matso ta ƙura ido, ta ce haka talabijin ɗinsu yake yi idan iska ta juya eriya.

Nan Dakta Cheema ya ji an taɓa sana'arsa. Ya gyara zama ya shiga bayani da hannu biyu, yadda tiyo ya bi maƙogwaro, yadda ya hango hanyar ta bayan bangon hanji, yadda allura ta shiga daidai, ga jijiyar jini kusa da ita kamar kaurin gashi. Ya ce likitocin da suka iya wannan a ƙasar nan ba su da yawa. Sardaran tana kwance tana gyaɗa kai, zuciyarta ta fara sanyi. Sai ya rufe da abin da ya fi alfahari da shi.

"Da a da ne, sai an farke ta daga nan zuwa nan. Mu kuwa mun cece ta daga tiyata gaba ɗaya."

Rajjo ta ɗago kai a hankali.

"Wato ba a yi tiyata ba."

Ya ce eh to, ba tiyata ba ce irin ta yanka, amma aiki ne babba. Rajjo ta ce ta ji, ta baki aka sa abu ya wuce ciki, su ma kullum haka suke yi sau uku a rana. Ta miƙe ta ce alhamdu lillahi, ta ji daga bakin likita, ba wanda zai ce ta ƙara gishiri. Gwiwar ma ta fasa dubawa. Ta ce za ta jira Bhabi a tasha, kuma tun kafin ta kai ƙofa ta fara lalubo waya a cikin rigarta.

Sardaran ta tashi zaune, man bai gama bushewa a cikinta ba. Ta cire takalmanta ta jera su a ƙarƙashin gadon gwaji, ta harɗe ƙafafu. Ma'aikaciyar jinya ta ce akwai mutum talatin a waje. Ta ce su shigo, a gabansu ma ya fi. Likita ya ce ai ranta ya ceta. Ta ce ta sani, ta gode, kullum yana cikin addu'arta bayan sallah, amma wannan daban, wancan daban.

"Da na zo gida shida na rasa. Yanzu da ka buɗe baki, kafin in isa Jhang ko kare ba zai lashi tukunyata ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za ka zo ƙauyenmu, kai da tiyon, ka tsaya a tsakar gidana gaban matan nan ka amsa abin da ka yi min. In kuma ba ka isa ba, kira min wanda ya koya maka aiki ba tabo, ya zo nan ya amsa. Ina zaune."