Zaɓen Goma na Mbah Ngadimin

"Ku cire min wannan fuskar daga bangona!" Ngadimin, tsohon da kowa ke kira Mbah, wato kaka, ya ɗaga murya daga kan gadonsa na gora, tari ya sarƙe shi. Masu manna hotunan 'yan takara suka yi kunnen uwar shegu da shi.

Tumirah, maƙwabciyarsa mai soya ayaba, ta shigo da kwanon kunun shinkafa, ruwa har idon sawunta. Shekara goma sha biyu ke nan, duk sanda teku ta cika sai ta kwararo lungunsu na gefen birnin Semarang.

"Rabu da su, Mbah. Sha kununka."

"'Yar nan, zaɓe tara ina soka ƙusa a takardar ƙuri'a kan wanda na zaɓa. Na yi jam'iyyar ja, na yi ta kore, na yi ta rawaya. Kowanne ya rantse zai gina mana katangar tare ruwa. To ga katangar nan, kina tsaye a cikinta."

"Bana fa, wa za ka yi?"

"Duk zan huda su, kar wani ya ce na yi son kai."

Ta yi dariya, amma idonta na kan ƙafafunsa. Shekara arba'in suna tuƙa keken fasinja, yanzu sun kumbura sun yi suntum. Cokali biyu kawai ya iya sha.

Bayan mako biyu, ana gobe zaɓe, ta leƙo da hantsi ta tarar rai ya yi halinsa. Ta daɗe zaune a bakin gadon kafin ta iya kiran mutane.

Kafin azahar sai ga allunan furanni na ta'aziyya daga manyan jam'iyyu biyu. Sunayen 'yan takara ɓaro-ɓaro a sama, na mamacin can ƙasa. A ɗaya ma "Ngadiman" aka rubuta.

"Bu, ina za mu jingine?" in ji direban da ya kawo su, yana kiran Tumirah da Bu, wato uwargida.

"Kai wa Ngadiman ɗin. Mu nan ba mu san shi ba."

Maza shida suka ɗauki makara, wanduna a naɗe har gwiwa, suka nufi tudu, don maƙabartar unguwar ta nutse tun bara.

Washegari mai unguwa ya tsaya a bakin ƙofa. "Bu Tum, ƙarfe ɗaya ake rufe rumfar zaɓe fa."

"Na ji, Pak," in ji Tumirah, tana kiransa da laƙabin girmama maza.

Ba ta je ba. Ta hau kujera ta kwance kejin kurciyar da tsohon yake kiwo daga barandarsa, ta rataye a tata, ta zuba mata tsaba. Kurciyar ba ta ci ba, sai juya kai take tana kallon ƙofar tsohon da aka datse da kwaɗo.