Kada Ku Yanka, Ina Zuwa

Da hantsi wayar ta shigo, Garzali na tsaye a ƙofar ofishin kula da dabbobi yana ɗaure jakar magani a bayan babur. Malam Yahuza ne daga Lajawa, dattijon da bai cika kira ba sai abu ya kai maƙura.

"Likita, jan san nan ne. Ya kwance igiya ya shiga gyauron dawa, ga ciki ya kumbura kamar ganga. Mun ɗura masa man gyaɗa da kanwa, bai saki ba. Mahauci na nan tsaye da wuƙa. Mu yanka?"

Garzali ya san wannan san. Shi da ɗan'uwansa fari su ne duk ƙarfin gidan, ga damina ta kankama, huɗa ba ta yi rabi ba. Ya kuma san kumburi: a huda gefen ciki da ƙarfen da ke cikin jakarsa, iska ta fita, dabba ta miƙe.

"Kada ku yanka, Baba. Ku tsayar da shi kan ƙafafunsa. Ina zuwa."

Ya ɗora ƙafa zai tayar da babur ke nan, Malam Halliru, mataimakin shugaban sashe, ya fito yana gyara hula.

"Ina kuma za ka, sarkin sauri? Ka manta Alhaji, shugaban sashenmu, ya sauka jiya daga Makka? Duk ofis za mu je sannu da zuwa."

"Ranka ya daɗe, sa ne ya kumbura a Lajawa."

"Sa." Malam Halliru ya juya ga sauran ma'aikata yana dariya. "Ku ji min yaro. Maigidanka ya dawo daga ɗakin Allah, kai kana zancen sa. In ya ɗaga kai bai gan ka ba, me zan ce masa? Shiga mota, gaisuwa ce kawai, a shafa fatiha a tashi. Nan Sabon Gari ne fa."

Garzali ya dubi babur, ya dubi motar da aka riƙe masa ƙofarta. Tun da ya kama aiki ake ce masa mai girman kai, wai boko ya hau masa ka. Ya ce a ransa zai durƙusa, ya gaisar, ya zame. Ya bar babur a nan, ya shiga.

Ba a zamewa daga zauren Alhaji. An shimfiɗa darduma, an jera manya a gaba, ƙanana a bakin ƙofa, kowa sai ya jira layinsa ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Madina. Alhaji ya soma labarin jifa, ya dawo ya gyara na ɗawafi. Aka zaga da dabino da zamzam. Ofis guda na mutanen da aka ɗauka domin dabbobin talakawa, zaune suna gyaɗa kai, ba wanda ya tuna akwai wani abu da ake kira aiki.

Waya ta yi ta motsi a aljihun Garzali. Ya yunƙura zai tashi, Malam Halliru ya danne masa gwiwa.

"Malamin gidan zai yi addu'a. Zauna."

Addu'ar ta bi kan iyaye da kakanni da shugabanni. Ana shafawa aka shigo da farantan shinkafa, Alhaji da kansa ya nuna shi.

"Garzali, matso. Ba a fita gidana da yunwa."

Ya kai loma biyu da ƙyar, ya miƙe ba sallama. Direba ya ce ba ya motsa mota sai manya sun fito. Ya tari ɗan acaɓa zuwa ofis, ya ɗauki babur, ya kama hanyar Lajawa cikin taɓo, rana ta riga ta karkata.

Tun daga nesa ya hango mutane tsaye a bayan gidan Malam Yahuza. San na kwance a gefensa, ƙafafu a miƙe, wuyansa ba ɗigon jini. Mahaucin yana zaune kan turmi, wuƙa a cinya.

"Sau nawa na ce a bari in sa wuƙa," in ji mahaucin, bai ko dubi Garzali ba. "Da yanzu nama na kan tire, Malam Yahuza ya samu kuɗin haɗa wani san. Ya ce a'a, likita ya ce kada a yanka. Ga shi nan, mushe."

Malam Yahuza ya taso, ya miƙa masa hannu biyu.

"Sannu da hanya, Likita. Ka sha taɓo. An ce Alhajinku ya sauka, ya dawo lafiya?"

"Baba, ni na ce ku jira."

"Kwanansa ne ya ƙare, ɗana. Haka Allah ya so."

Da dattijon ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Wannan haƙurin shi ne shimfiɗar da ofis ɗinsu ke kwana a kai, an san ba wanda zai zo ya buga tebur.

A gindin ɗorawa farin sa na ɗaure shi kaɗai, karkiya a jingine kusa da shi, garma a kife. Bayansa gonar ta miƙe, ciyawa ta fara rufe inda huɗa ta tsaya.

"Gobe da me za ku yi huɗa, Baba?"

Malam Yahuza ya dubi gonar.

"Akwai fartanya," ya ce.

Matasa suka kawo igiya suka ɗaura a ƙafafun mushen, za su ja shi bayan gari. Garzali ya ajiye jakar da bai ko buɗe ba, ya naɗe hannun riga, ya kama igiyar tare da su.