Surukin da Ya Ƙi Harbi

Da aka yi wa Baba aiki a gwiwa, likita ya hana shi hawa bene har sati shida. Gidansu kuwa a hawa na uku yake, don haka daga asibiti muka wuce da shi gidanmu, muka gyara masa ɗakin da ke jikin falo. Ni ce autarsa. Lissafi nake koyarwa a sakandare, in na fita da safe sai yamma. Mijina ma'aikacin kashe gobara ne, kowa Dogo yake ce masa. Aikinsu kwana ɗaya a bakin aiki, kwana biyu a gida. Wato a kowane kwana uku, biyu daga shi sai Baba za a wuni.

Shekararmu huɗu da aure, amma ban taɓa jin hirar mutanen nan biyu ta wuce gaisuwa ba. Dogo yana shiga gidan da ke ci da wuta ko gezau, amma da Baba ya yi gyaran murya sai ya rasa inda zai ajiye hannuwansa. Shi kuwa Baba shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo a wani ɗan shago, shiru ya zame masa jiki. A satin farko sau uku Dogo ya wanke mota, ya kuma kwance famfon kicin da lafiyarsa lau. Baba ya sa aka sauko masa da agogon bangonmu, ya farke shi a kan tire, ya mayar, washegari ya sake farkewa.

Dogo yana da na'urar gem a ƙarƙashin talabijin. Wasan harbi yake yi ta intanet, irin wanda ake zuba mutane a fili ɗaya kowa ta kansa, wanda ya rage shi ya ci. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya yin irin na haɗin gwiwa, ya ce a wurin aiki kullum ran wani yana wuyansa, in ya dawo gida yana so ya ji daga shi sai kansa. Tun zuwan Baba ya lulluɓe na'urar da ƙyalle, kamar wanda ya ɓoye abin kunya.

Ranar Asabar Dogo yana wurin aiki, Baba ya ɗaga ƙyallen da bakin sandarsa ya tambaye ni mene ne wannan. Na kunna masa. Ya karɓi rimot ɗin ya jujjuya, ya kara a kunne ya girgiza, ya ce madannin hagu ya fara saki. Sannan ya sa tabarau ya ce in nuna masa. A ranar bango kawai yake ta karo da shi, yana harbin ƙasa. Zuwa yammacin Lahadi ya iya tafiya da juyawa lokaci ɗaya.

Abin da ya faru ranar Litinin daga bakin Dogo na ji. Wai Baba ne ya kira shi, ya nuna masa kujerar da ke gefensa, ya ce ya ji labarin gwani ne, to a gwada. Allon ya rabu biyu, kowa da ɓangarensa, kowa yana farautar ɗan'uwansa a cikin wata tsohuwar masana'anta. Cikin minti ɗaya Dogo ya tsinci kansa a bayan Baba, ƙeyar tsohon tana tsakiyar saitin bindigarsa. Sai ya ɗaga bindigar ya harbi rufi. Karo na biyu ya harbi ganga. Daga nan ya riƙa fitowa fili yana tsayawa kamar mai jiran mota, har Baba ya gama lalube ya same shi. Sau tara Baba yana kashe shi.

A na taran Baba ya ajiye rimot, ya cire tabarau.

"Gwiwata aka yi wa aiki, ba hankalina ba," in ji shi. Ya ja sandarsa ya shige ɗaki.

Na dawo na tarar da gidan tsit. Dogo ya biyo ni kicin ya rufe ƙofa, ya tambaye ni da gaske ta yaya zai ɗaga bindiga ya harbi mahaifina a ka, a cikin falonsa, mutumin ma bai warke ba. Na yi dariya har sai da na dafa firji. Shi ko murmushi bai yi ba.

Ranar Laraba kafin in fita na sauya musu wasan. A wannan ɓangaren mutum biyu ne a gefe ɗaya, abokan gabarsu wasu sojojin ƙarfe, aikin kuma shi ne su raka motar magani ta ƙetare wata doguwar gada. In aka kayar da ɗaya, sai ɗayan ya je ya durƙusa a kansa ya tashe shi. In duka biyun suka faɗi, a koma farko. Na miƙa wa kowa rimot ɗinsa na ce ban yarda in dawo in tarar da famfona a kwance ba.

Da farko abin bai yi wa kowa daɗi ba. Baba ya ce wasan da ba wanda ya ci wani ai ba wasa ba ne. Da an fara sai ya ruga gaba shi kaɗai, a kayar da shi, Dogo ya bi ta cikin ruwan harsashi ya tashe shi yana cewa sannu Baba, ku yi haƙuri Baba. Sau biyu Baba ya jefa gurneti ya faɗo a gindin ƙafarsu. Dogo ya ce shi ne da laifi da ya tsaya a wurin.

Abin ya sauya ranar da Baba ya tsinci wata doguwar bindiga mai madubi. Ya ce madubin ya tuna masa da gilashin da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo. Ya hau kan wata hasumiya a bakin gadar ya lafe. Hannun da ya shekara arba'in yana ɗaukar ƙusa ƙarama kamar ƙwayar yashi ba ya rawa. Shi ne ma ya lura cewa sojojin ƙarfen ba haka kawai suke fitowa ba, duk bayan daƙiƙa goma sha biyu ƙofar hagu take buɗewa, ta dama kuma bayan ashirin. Dogo duk gwanintarsa bai taɓa ƙirgawa ba.

Wata Alhamis aka tashe mu daga makaranta da wuri. Ina sa makulli a ƙofa na ji wata murya da ban taɓa ji a gidana ba, muryar da Dogo yake amfani da ita a wurin gobara.

"Baba, ka tsaya inda kake! Na ce ka tsaya, kada ka sauko."

Na shiga na gan shi ya daskare, rimot a hannu, ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya fara haɗa kalmomin ban haƙuri. Baba ko waiwayowa bai yi ba.

"Yau ka yi magana," in ji shi. "Ka bar ni da sannun nan, ka faɗa min ta ina suke zuwa."

Ba su san na shigo ba, sai na zauna a hannun kujera da jakata. Can a tsakiyar gadar aka kayar da Dogo. Ya ce wa Baba ya bar shi, ya kare motar, in ya sauko dukansu za su tafi. Baba ya yi kamar bai ji ba. Ya sauko daga hasumiyar, ya bi bayan motocin da suka ƙone yana ƙirga daƙiƙoƙi a fili, ya isa ya durƙusa a kansa. Yana gama tashinsa aka yi musu ruwan wuta, allon ya yi baƙi, aka mayar da su farko. Dogo ya ce ai ya faɗa. Baba ya ce ya ji, kuma gobe ma haka zai yi.

Na shiga haɗa shayi. Daga kicin na ji Baba yana tambayarsa ko a wurin aiki ma haka suke cewa a bar su. Sai Dogo ya ba shi labarin wani abokin aikinsa da rufin shago ya rufta a kansa, yadda ya ja shi ta cikin hayaƙi yana jin numfashinsa a wuya, da yadda har yau in ya ji ƙaurin roba sai gabansa ya faɗi. Mutumin ya rayu, yana nan yana ɗingishi. Ni matarsa ban taɓa jin labarin nan ba. Na bar ruwan ya yi ta tafasa, ban fito ba sai da na ji sun koma gardamar gurneti.

Ana saura kwana biyu Baba ya koma gida suka ƙetare gadar. Ina wurin, da rana tsaka ce, ranar hutu. Motar maganin ta shige ƙofar sansani, kiɗa ya tashi, Dogo ya miƙa wa Baba hannu suka tafa kamar sa'o'in juna. Sai allon ya nuna wani abu da ba wanda ya san da shi, adadin sojojin ƙarfen da kowa ya kayar. Baba arba'in da ɗaya. Dogo talatin da takwas.

Baba ya gyara tabarau ya matsa gaba ya karanta sau biyu. Dogo ya rantse wannan karon bai sassauta ba ko kaɗan. Baba ya ce ya sani, ai yana kallonsa ta madubi tun daga farko. Dogo ya ce ba adalci, shi da yake ta tsayawa tashin mutane ina zai sami lokacin harbi. Baba ya ce kowa da uzurinsa.

"Auta, kawo wayarki ki ɗauki hoton nan kafin ya ɓace," in ji Baba. "Ki tura wa mamanku da yayyenki duka. Ki tabbatar lambobin sun fito."

Na ɗauka. A gefen hoton ana ganin Dogo ya haɗe rai da gaske, yana laluben madannin da zai mayar da su farkon gadar.