Madubban da Mama Ta Gyara

Tun da mantuwa ta kama Mama, "baiwar Allah" take kiran autarta. Babu abin da ke yi wa Auta ciwo kamar wannan suna, ita da ba ta sauka daga bayan matar nan ba sai da ƙafafunta suka fara jan ƙasa.

Ranar da mai jinyar Mama ba ta zo ba, dole Auta ta tafi da ita ɗakin gwajin kimiyya inda take aiki. Ta zaunar da ita, ta saka mata tabarau na kariya, ta nuna mata teburin ƙarfe cike da ƙananan madubai, kowanne da inda ya karkata.

"Mama, kin ga ɗan dutsen nan mai kama da ƙanƙara? Haske ke shiga, ya fito biyu-biyu a sarƙe. Ɗaya ya yi gabas, ɗaya yamma. In na auna wannan, na san abin da wancan zai nuna, ko yana bangon duniya."

"Ikon Allah," in ji Mama. "Amma baiwar Allah, wa ya yi wannan hargitsin?"

Hargitsin nan kuwa wata da watanni Auta ta yi tana saita shi, tana murɗa kusoshi kaɗan-kaɗan, har numfashi take riƙewa. Ta yi dariya, ta kashe hasken, ta fita amsa waya.

Hali zanen dutse. Matar da ko cokali ba ta bari ya kwana a karkace, ita za ka bari da madubai? Kafin Auta ta dawo, Mama ta juya kusan dukansu sun fuskanci ƙofa, reras, tana goge ɗaya da bakin mayafi.

Auta ta tsaya cak. Aikin ya tashi a banza. Ta cije leɓe don kada ihu ya kuɓuce mata.

Mama ta ɗago, ta zare tabarau, ta daɗe tana kallonta.

"Auta, har yau ba ki daina cije leɓe in za ki yi kuka ba? Wa ya taɓa min ke?"

Hawaye suka zubo wa Auta, na murna tsantsa. Ta kama hannun uwarta, ta kai shi kan madubi ɗaya tilo da ya tsira.

"Babu kowa, Mama. Ga wannan, kin manta shi."